Harafin R Biyu Ne a Bakin Bahaushe, a Koya wa Yara da Kukan Dabbobi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin malaman firamare da masu rubuta littattafan karatun yara kan harafin r, wanda muke rubutawa iri ɗaya, a boko da ajami, alhali bakinmu sauti biyu yake fitarwa.

A karanta wannan jimlar da ƙarfi: "Bara baran sarki ya fita bara." Kalma ta farko, shekarar da ta wuce, da ta biyu, mai yi wa sarki hidima, r ɗinsu iri ɗaya ne, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su. Ta ukun, wato roƙo, harshe karkarwa yake yi a cikinta, kuma wannan kaɗai ya raba ta da baran sarki. Masana furuci suna kiran r ɗin baran sarki ra-kaɗe, mai karkarwar kuma ra-gare.

Ra-kaɗe shi ne namu na gado, na ruwa da rana da rago da raƙumi da kura. Ana naɗe tsinin harshe baya, ya wuce tudun hanƙa da ke bayan haƙoran sama, sai a sake shi ya faɗo gaba, ya doki hanƙar sau ɗaya a kan hanyarsa, ya kwanta a ƙasan baki. Shi ya sa ba ya jawuwa. Ra-gare kuwa ba a naɗe masa harshe. A ɗora tsinin a kan hanƙa sakwa-sakwa, a turo iska da ɗan ƙarfi, iskar ce za ta riƙa buɗe shi tana rufewa. A maganar sauri bugu ɗaya yake yi, in an nanata ya yi uku ko huɗu. Wanda ya kasa shi, galibi ya danne harshen ne da ƙarfi har iska ta rasa yadda za ta motsa shi, sai ta zille ta gefe a ji l, ko ta koma maƙogwaro a ji irin r ɗin Faransanci.

Wuraren ra-gare sanannu ne. Yana zuwa a kalmomin aro kamar rediyo da rahama da harafi. Yana zuwa a ƙarshen kalma: biyar, har, tir, da r ɗin rigar Binta. Yana zuwa kafin n, kamar birni da murna. Kare ma da ra-kaɗe ake faɗarsa, amma in sun yi yawa suka zama karnuka, r ɗin ya koma ra-gare saboda n ɗin da ta biyo shi. Mutanen Sakkwato da ke cewa biyat da halshe ba kuskure suke yi ba, karin harshensu ne, kada malami ya doki yaro a kansa.

Yaro ɗan shekara uku ko huɗu da ke cewa "luwa" ko "yuwa" lafiyarsa ƙalau, r na cikin sautukan da ke zuwa a makare. Matsalar tana farawa ne a aji, inda ake nuna masa harafi ɗaya a allo, a ce ya maimaita "ra, re, ri, ro, ru", malam da kansa yana cakuɗa biyun. Bayanin hanƙa da tsinin harshe ba zai shiga kan ɗan aji ɗaya ba, amma ya san kukan kowace dabba ta gidansu. A ce ya kwaikwayi karen da aka taɓa wa ƙashi: "grrr". A ce ya kwaikwayi kurciya a kan bishiya da rana tsaka: "kurrr-kuu". A tambaye shi yadda tsuntsu ke tashi in an jefe shi, zai ce "firrr". Yaron da ya yi waɗannan ya riga ya yi ra-gare bai sani ba. Daga nan sai a gajarta masa: firrr ya koma fir, fir ya kai shi ga biyar. Minti biyar kullum ya isa. Ra-kaɗe kuma ta harafin ɗ ake shigarsa, domin duka biyun da naɗin harshe ake yin su. Ya ce "ɗa, ɗa, ɗa" da sauri, sannan ya saki harshen ya zame gaba, sai "ra" ta rago ta fito.

Abin da ya fi damuna shi ne su kansu sunayen kukan dabbobin suna salwanta. Yau komai "kuka" ne a bakin yaran birni. Alhali doki haniniya yake yi, kare haushi, in ya fusata gurnani, zakara cara, kazar da ta yi ƙwai kyarkyara, ɓera tsuwa, zaki ko bijimi ruri. Kuka na jaki ne da akuya da kura da kwaɗi da kurciya. Gurnani da ruri kaɗai sun isa darasin yini guda, domin na farko ra-gare ne, na biyu ra-kaɗe har sau biyu, kuma kunne yana jin bambancin nan take.

Ba na neman a taɓa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, jarida ta ci gaba da r ɗinta guda. Amma ƙamusun Hausa zuwa Turanci da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar a 1977 ya ɗora 'yar alama mai lanƙwasa a kan ra-gare, kuma hakan ya taimaki baƙi masu koyon Hausa. 'Ya'yanmu sun fi cancantar wannan taimakon. A sa alamar a littattafan aji ɗaya zuwa uku, a ware shafi biyu, ɗaya da hoton rago, ɗaya da hoton kare yana gurnani, kuma kwalejojin horar da malamai su gwada ɗalibansu a furucin biyun da baki kafin su ba su takardar shaida.

Na gode.

Naka,
Wani malamin Hausa, Zariya