Wasiƙar godiya ga Baba Injiniya da yaran shagonsa na bayan Taminus

Baba, ranku ya daɗe,

Ina gaishe ku da kyau, ku da iyali da yaran shago. Na san abin da za ku ce in aka karanta muku wannan wasiƙa: yaron nan ba shi da aikin yi. Kun riga kun ja mini kunne kada in sa sunanku ko na shago a intanet, wai aikin da ke jibge a kan teburi ma ya ishe ku. Na ji, ban kuma sa ba. Amma duk wanda ya taɓa ɗora akwatin sifika a ka a garin Jos ya san lungun nan na bayan Taminus inda warin dalma yake tarar mutum tun kafin ya ga ƙofa, don haka masu neman ku za su same ku ko na yi shiru.

Shekara tara ke nan ina kaɗa jitar bes. Mu shida ne a ƙungiyarmu: mai ganga, mai fiyano, mai ƙaramar jita, mawaƙa biyu, sai ni. Biki muke bi, daga Bukuru zuwa Pankshin, wani lokaci har Bauchi da Kafanchan da Akwanga. Mai bes dai ba a yi masa liƙi. Mawaƙi ake manna wa kuɗi a goshi, ni ina can baya kusa da mai ganga. Sai ranar da bes ta ɗauke a tsakiyar rawa za ka ga ƙugun mutane ya tsaya, suna ta waige-waige, ba su san abin da ya ɓace ba. Irin wannan rana ta same ni sau uku a cikin wata biyar, ita ce kuma ta kawo ni wurinku.

Amfilifayata gwanjo ce, daga kasuwar Alaba ta Legas aka kawo mini ita. Duk sanda ta ƙone sai in kai ta wurin wani mai gyara da ba zan faɗi sunansa ba, ya canza taransistoci, in biya, in ɗauka, bayan biki huɗu ko biyar ta sake yin hayaƙi. Har na fara zargin ko hannu aka sa mini. Da na shigo shagonku da ita, ba ku ko taɓa sukudireba ba. Kuka tambaye ni akwatin sifika nawa nake jona mata. Na ce uku, don filin biki yana da faɗi. Kuka juya bayanta, kuka goge ƙura da babban yatsa, kuka nuna mini wani ɗan rubutu da ban taɓa kulawa da shi ba: kada lissafin sifikun da za a jona mata ya gaza om 4, om kuwa shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wa wuta hanya. Sannan kuka yago kwali kuka zana mini da biro. Akwati ɗaya om 8 ne. In aka jona biyu gefe da gefe, lissafin ya koma 4, daidai iyakarta. In aka ƙara na uku, ya faɗo ƙasa da 3, sai ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinta har ta dafa kanta. Kuka ce, "Jaki ɗaya ka ɗora wa kayan raƙumi, kana mamakin ya durƙushe."

Kwalin nan yana nan manne a cikin murfin jakar jitata har yau.

Abin da kuka tarar a ciki ya fi wannan tayar mini da hankali. Fis ɗin da ya kamata ya tsinke ya ceci amfilifayar, an nannaɗe shi da zaren waya don kada ya sake tsinkewa. Ƙafa ta uku ta fulogin kuma, wadda ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace, an guntule ta don ya shiga kowace irin soket. A nan na gane dalilin da ya sa in hannuna na kan tsirkiya, na kai baki kusa da makirfo zan yi amshi, sai in ji wani abu ya tsunkule ni a leɓe. Mu da muke dariya muna cewa makirfon ne ba ya son muryata! Ku ba ku yi dariya ba. Kuka yi mini bayani cewa tsirkiyar bes a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin igiyar jita, saboda haka duk wutar da ta zubo a jikin ƙarfen nan, ta hannuna za ta nemi hanya. Kuka sa sabon fulogi mai ƙafa uku da fis daidai da abin da aka rubuta. Kuka kuma gano cewa taransifomar cikinta, ko da yake an saita ta a kan wutar Amurka ta bolt 120, tana da wata hanyar ta bolt 230 irin tamu. Kuka mayar da ita can, kuka canza fis ɗin ya dace da sabuwar wutar, na huta da ɗaukar ƙatuwar taransifomar rage wuta da nake ja kamar dutsen niƙa. Kuɗin da kuka karɓa a ranar bai kai na man janareta na dare ɗaya ba.

Akwai wani abu da kuka koya mini wanda nake taƙama da shi a gaban sauran makaɗa, kuma yau zan tona inda na samo shi. Wata rana na kawo muku ƙarar cewa akwatin yana gunji ko ban taɓa jita ba. Kuka ce in ɗauko bes ɗin in nemo muku sautin gunjin a jikinta. Na ɗauka wasa kuke. Na laluba, sai ga shi ya yi kusan daidai da tsirkiyar G, ƙaramar cikin huɗun, in an kaɗa ta ba a danne ba. Kuka gyaɗa kai kuka ce kafasitocin da ke tace wuta ne suka bushe. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, in ta wuce na'urar daidaita ta sai bugun ya ninka ya zama 100, tsirkiyar G kuwa tana kaɗawa sau 98. Da gunjin ya sauko ƙasa ya yi daidai da G mai kauri da ake dannewa a firet na uku na babbar tsirkiya, wato ƙarfe na uku cikin waɗanda aka gitta a wuyan jita, wadda ke kaɗawa sau 49, to da sai a nemi matsalar a wayar ƙasa ko a igiyar jita da ta tsufa. Kuka buɗe, ga kafasitoci biyu sun kumbura kamar gwangwanin da ya daɗe a rana. Ban taɓa tunanin jitar da nake ci da ita za ta zama mini ma'auni ba. Tun daga ranar, kafin in kira ku sai na fara tambayar bes ɗina.

Ita kanta jitar ba ƙirar kamfanin Fender ba ce, kwaikwayon samfurin nan nasu ne na Jazz Bass da ya fito a 1960, sai dai katakonta mai kyau ne kuma hannuna ya saba da ita. A hunturun farko da na san ku na zo da ita raina a ɓace. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har yatsuna na ciwo, bakunan ƙarafan firet kuma sun fito suna yankar mini tafin hannu. Wani ya ce mini wuyan ya mutu, sai dai a yi odar sabo daga Legas. Kuka ce wuyan lafiyarsa ƙalau, ƙishirwa yake ji. Iskar hunturu ta Jos, ga sanyi ga bushewa, tana tsotse danshin katako ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakunansa ke leƙowa. Kuka sa ni danne babbar tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, kuka zura katin waya a tsakiya, kuka ce ratar da ake so ba ta wuce kaurin katin nan ba. Kuka ɗauki ɗan makullin nan mai kusurwa shida, kuka murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya rubu'in zagaye kawai, kuka rataye jitar kuka ce in dawo gobe. Na yi ta magiya ku ƙarasa a lokacin, kuka ƙi, wai katako ba ya son gaggawa, wanda ya matsa masa sai ya ji ƙaras. Washegari kuka ƙara ɗan kaɗan, kuka bi bakunan firet da ƙaramin magagari ɗaya bayan ɗaya. Kuka kuma gargaɗe ni cewa da damina ta zauna wuyan zai koma baya, tsirkiya ta kwanta tana zizza, in sassauta masa da kaina. Haka kuwa aka yi a watan Yuli, kuma da kaina na yi.

Kun san dai babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Shendam.

Disamba ce, lokacin da makaɗi ke tara abin da zai ci har Ista. Mun karɓi kafin alƙalami na wani biki ranar Asabar, mota za ta tashi da asuba ta bi ta Mangu da Panyam ta gangara. Ranar Juma'a da yamma muna gwaji sai babbar sifikata mai inci 15 ta fara karkarwa kamar an zuba mata tsakuwa, daga nan ta yi tsit, wari ya tashi. Na iso shagonku bayan magariba kuna sa kwaɗo. Na shirya jin faɗa, na kuma ji shi, domin kun gano nan take cewa na ƙure mata murya ne don in danne ƙarar gangar abokina. Amma kuka cire kwaɗon. Kuka kunna fitila mai caji tunda an ɗauke wuta, kuka yanke takardar sifikar a hankali, kuka ciro naɗin wayar da ya zama gawayi, kuka ƙirga zagayensa kafin ku warware. Yarinyar nan mai koyon aiki ta riƙe muku fitila har wajen ƙarfe goma, ku kuna naɗa sabuwar waya siririya kamar gashi, zagaye na bin zagaye, ba wanda ya hau kan wani. Da kuka gama na miƙa hannu zan ɗauka, kuka buge hannun. Gam ɗin sai ya kwana ya wuni, in aka kaɗa ta gobe aikin daren nan ya tashi a banza. Na tsaya ban san abin da zan ce wa mutanen Shendam ba. Sai kuka shiga ƙurya kuka turo akwatinku na gwaji, wanda yaran shago suka ce ba ya fita ko ƙofa, kuka ce in tafi da shi, in kuma na ƙona shi kada in sake biyo lungun.

Mun yi bikin. Zafin Shendam ba irin na Jos ba ne, kuma janaretan masu biki yana hawa yana sauka, amma na bi abin da kuka saba faɗa mini: na gwada wutar da mita kafin in jona komai, na bar amfilifaya ta zama ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa, na ɗaga ta daga ƙasa don ta sha iska. Aka yi rawa har ƙura ta rufe fitilu. Uwar amarya ma, abin da ban taɓa gani ba, ta zagayo baya ta manna mini ɗari biyar.

Yaran shagon ma sun cancanci a ambace su. Duk kayan da ya shigo sai an manna masa takarda an rubuta a babban littafi, kuma duk abin da aka cire, komai ƙanƙantarsa, sai an ƙulla shi a leda an miƙa wa mai kaya. Ina da leda huɗu a gida, ban san abin da zan yi da su ba, amma ban taɓa kwana ina tunanin ko an canza abin da aka ce an canza ba. Babban yaronku ya gaya mini littafin ya samo asali ne daga gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002, lokacin da rumfarku ta farko ta ƙone da kayan mutane a ciki, kuka yi shekaru kuna biyan waɗanda kuka iya tunawa. Ku ba ku taɓa ba ni wannan labari ba. A teburinku na ga lasifikar masallaci da mikisar coci da rediyon wata tsohuwa suna jiran layi ɗaya, kuma tsohuwar aka fara sallama don ita ta riga zuwa.

Kada a ce na zo yabo kawai, ina da ƙorafi. Shagon ba wurin zama, benci ɗaya ne kuma kullum akwai buɗaɗɗiyar amfilifaya a kansa. Wayarku tana iya yin ƙara sau goma ba ku ɗaga ba in dalma na hannunku. "Dawo jibi" a bakinku wani lokaci mako guda ne. Kuma har yau ban yarda da ku ba a kan dafa tsirkiya. Kun ce tafasa tsohuwar tsirkiya a ruwa yaudarar kai ce, sautin zai dawo na 'yan kwanaki sannan tsatsa ta biyo baya, gara in riƙa goge ta da ƙyalle bayan kowane wasa. Ina gogewa, Baba. Amma ku je ku tambayi kuɗin sabon saiti yanzu, za ku gane abin da ya sa tukunyata ba ta huta ba.

Akwatinku na dawo da shi lafiya, kun gwada da kanku kun ji. Tawa sifikar tun daga lokacin ta yi biki goma sha ɗaya ba ta yi tari ba. Zan kawo amfilifayar a hure mata ƙura kafin hunturu ya wuce, kamar yadda kuka ce. Doyar da na kawo muku daga Shendam kuka ce in mayar, na bi ta gida na ba Mama, ta kuma karɓa, sai ku je ku yi rigimar da ita.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya tsare idanu da hannuwan nan.

Ɗanku,
mai kaɗa bes, Jos