Wasiƙa daga Manchesta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da aikin dare, shi ma da sauƙi. Kada a faɗa wa Inna zancen aikin daren.

Na turo naira dubu 150 a asusunka ranar Litinin. Dubu 100 na maganin Inna ne da cefane, kada a taɓa su don komai. A cikin sauran a saya mini Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Na ɗaya kaɗai na zo da shi, kuma shafukansa sun fara zubewa.

Don Allah ka je Sabon Gari da kanka, kada ka aiki Auta. Ka nemi bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya. Ka bi lambar shafi tun daga farko har ƙarshe, domin na jabu shafi yakan ɓace ko ya maimaitu, tawada ta dushe har ba a bambanta ƙ da k, hotunan kuma su yi baƙi ƙirin. Ka buɗe tsakiyarsa sosai, in gam ɗin ya tsage, bar shi. A naɗe su a leda biyu kafin a ba Hajiyar da za ta kawo mini, jakarta ba ta rabuwa da man shanu da daddawa.

Yadda ake karanta wa yara ga mai gajiya, Anti ma ta gwada: labari ɗaya tak bayan Isha'i, minti 15, a zaune, don in aka kishingiɗa uwar ce ke fara barci. Kafin a fara, a bayyana musu kalmomi irin su lifidi, sulke da zagi, in ba haka ba tambaya za ta cinye labarin. A tsaya daidai inda gari ya waye wa aku mai ba da labarin. Jikokin Inna da ke nan yanzu har gaisuwa suna yi da Hausa, ba kamar 'ya'yan maƙwabta ba.

Da muna yara haushin akun nan muke ji, ya hana Musa ya bi Mahmudu yaƙi. Yanzu shi nake tausayawa, kwana yake yana zuba labari don yaro ya zauna a gida.

To, an ce Auta na tara kuɗin mota zuwa Agadas, wai Libiya zai shiga. Gaskiya ne? Na san ni ma na bar Inna, amma ba ta hamada na bi ba. Ka zaunar da shi, kuma ko kwabo kada ya shiga hannunsa cikin kuɗin nan. Dubu 100 ɗin na Inna ne, Yaya. Ka turo mini hoton rasidin maganin.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka