Zuwa ga ƙanena da ya tambaye ni abin da nake nema a cikin Doom

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida.

Ranar da kuka gayyace ni taronku na ɗaliban kwamfuta, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Yaya, wasan nan ya girme mu duka da muke zaune a nan. Ga injunan gina wasa na zamani, Unreal da Unity, duk kyauta. Me ya sa mutum irinka zai zauna yana gina ɗakuna a cikin Doom, kuma me hakan zai tsinana wa matashin da ke neman abin yi?" Lokacin salla ya matso, na ba ka amsa a gurguje, ni kaina ban gamsu da ita ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari in amsa ta inda sauran waɗanda suka ji za su gani.

Gaskiyarka game da shekaru. Kamfanin id Software na jihar Tekzas a Amurka ya fitar da Doom ranar 10 ga Disamba, 1993. John Carmack ne ya rubuta injinsa, wato manhajar da ke tafiyar da wasan tana zana shi a allo, John Romero da Sandy Petersen suka gina yawancin matakansa, wato wuraren da ɗan wasa ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya, kuma an yi shi ne don kwamfuta mai na'urar sarrafawa samfurin 386 da ƙwaƙwalwa megabait 4. Hoton da yake nunawa ɗigo 320 ne a faɗi, 200 a tsaye, da launuka 256 kacal. Wayar da ke aljihunka ta fi wannan kwamfuta ƙarfi nesa ba kusa ba. To wannan ƙanƙantar da ka gani a matsayin aibi, ita ce ta riƙe ni. Doom abu ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka gaba ɗaya a kansa, daga ƙofar farko da ya zana har zuwa layin lissafin da ya sa ƙofar ta bayyana a allo. Manyan injunan yau kuwa, sai ka shekara kana latsa maɓallansu ba ka san abin da ke gudana a ƙasa ba.

Ga yadda ginin yake. Ka taɓa ganin magini ya ja layin harsashi da toka a ƙasa kafin a fara haƙa? Haka ake zana taswirar Doom, daga sama ake kallonta. Ka dasa ɗigo, ka haɗa shi da wani ɗigon ya zama layi, layuka su kewaye su rufe su zama fili, wanda masu harkar ke kira sekta. Kowace sekta tana da tsayin daɓenta, da tsayin rufinta, da hasken da ka ba ta tsakanin 0 da 255. Shi ke nan kayan aikin. Matakala sektoci ne a jere, kowace ta ɗara ta bayanta tsayi, kuma in ka wuce awo 24 ɗan wasa ba zai iya takawa ba. Tsayin ɗan wasan awo 56 ne, saboda haka rufin da bai kai haka ba ya zama shinge. Ƙofa kuwa, ranar da na gane sirrinta na daɗe ina jinjina kai: ashe ba ƙofa ba ce, sekta ce siririya da aka sauko da rufinta har ya taɓa daɓe, in ka danna sai rufin ya ɗaga. Taga ma haka, an ɗaga daɓe an sauko da rufi. Tun da kowane wuri daɓe ɗaya da rufi ɗaya yake da su, asalin injin ba ya iya ɗora ɗaki a kan ɗaki. Babu bene a Doom. Duk wani bene da ka ga kamar ka hau a ciki, dabarar mai zane ce ta rufe maka ido.

Taswirar da na fi koyon darasi a kanta, gidan kakanmu na cikin birni na kwaikwaya. Na fara da zaure, na bi da shigifa, na buɗe tsakar gida da rufin sama, na sa rijiya a gefe. Ina cikin aikin ne na lura da abin da na yi shekaru ina wucewa ta cikinsa ban taɓa tunaninsa ba: ƙofar shiga zaure da ƙofar fita ba sa kallon juna. Magabata sun karkata su ne don kada baƙo ya hango cikin gida daga titi. A wajen mai gina matakin wasa kuwa, wannan karkatarwar zinariya ce. Tana hana ɗan wasa ganin abin da ke gabansa sai ya shigo, zuciyarsa na dukan uku-uku, kuma tana rage wa injin nauyi domin abin da bango ya tare ba sai an zana shi ba. Dabara ɗaya, ta yi wa maginin jan ƙasa aiki, ta yi wa injin Carmack aiki.

Da na gama, na zaunar da ɗan yayata, yaro ɗan aji biyu na sakandare, na ba shi linzamin kwamfutar, na koma bayansa na kama bakina. Ya shiga tsakar gidan ya yi ta zagaye. Hanyar fita tana nan a kusurwar hagu, ni ina ganinta ƙuru-ƙuru domin ni na gina ta, shi kuwa ya wuce ta sau huɗu. Har ya fara tura bango yana neman ɓoyayyiyar ƙofa. Bayan ya tafi na buɗe taswirar, ban ƙara kibiya ba, ban rubuta komai a bango ba. Hasken lungun kawai na ɗaga daga 112 zuwa 192, na dusashe sauran tsakar gidan kaɗan, na sa ƙaramar taga da ake hango lungun tun daga shigifa. Washegari ƙanensa ya zauna, bai taɓa ganin taswirar ba, ya miƙe kai tsaye zuwa wurin kamar ana jansa da igiya. Gyaran bai ci mini minti biyar ba. Abin da ake kira tsara mataki ke nan: ka ja mutum zuwa inda kake so alhali yana ganin shi ya zaɓi hanya da kansa. A babban inji za ka koyi wannan ma, amma sai bayan ka ƙare ƙarfinka a kan inuwa da ciyawa da ƙyallin ruwa, in har ka kai ga gama matakin ke nan.

Yanzu ɓangaren inji, wanda na san shi ne ya fi dacewa da karatunka. Wolfenstein 3D, wasan da id ta fitar a 1992 kafin Doom, a kan dara yake, kowane bango a miƙe, kowace kusurwa murabba'i. Doom ya zo da bango mai kowace irin karkata, sai matsala ta taso: ta yaya kwamfuta mai rauni za ta san bangon da ke gaba da wanda ke baya, sau da yawa a daƙiƙa guda? Carmack ya ɗauko dabarar da ake kira BSP. Tun kafin a fara wasa, wata ƙaramar manhaja takan ɗauki layi ɗaya ta raba taswirar gida biyu, ta sake raba kowane ɓari biyu, haka har sai an samu 'yan gutsattsarin da babu bangon da ke ɓoye wani a cikinsu. Sakamakon kamar bishiya ne mai rassa. A lokacin wasa, injin kan tsaya a kowane reshe ya yi tambaya ɗaya: ɗan wasa yana wane ɓari? Sai ya fara zana na kusa, ya bi da na nesa, yana lura da sassan allon da bango ya riga ya cike. Da zarar allo ya cika daga hagu zuwa dama, ya daina. Bango a tsaye yake zana shi, siriri-siriri kamar karan zana, daɓe da rufi kuma a kwance. Dodannin ma ba su da jiki, hotuna ne da aka zana ta fuskoki takwas, ana nuna maka wanda ya dace da inda kake tsaye. Duniyar wasan kanta tana motsawa sau 35 a kowace daƙiƙa.

Kuma kurakuransa suna koyarwa. In ka manta ba ka liƙa wa wani bango hoto ba, injin ba zai zana komai a gurbin ba, sai ragowar hotunan baya su yi ta maimaituwa suna rawa a wurin, abin da 'yan harkar suka laƙaba wa suna ɗakin madubai. In ka cika ado har shimfiɗun daɓe da rufi da ake gani lokaci guda suka haura 128, asalin wasan sai ya faɗi ya mayar da kai waje. Kowane irin wannan kuskure yana nuna maka wani abu game da yadda aka rubuta injin, kuma za ka iya zuwa ka duba da idonka, domin a Disambar 1997 id Software ta saki asalin rubutun manhajar, a 1999 kuma ta mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rabawa. Da yaren C aka rubuta shi, wanda kuke yi a aji. Ɓangaren zanen hoto fayiloli ne 'yan kaɗan da ɗalibi mai naci zai iya bi layi-layi a hutu guda. Injin Quake, wasan da id ta fitar a 1996, wanda ya zo da cikakken gini mai sama da ƙasa, shi ma an sake shi a 1999, yana nan yana jiranka in ka gama da wannan.

Abin da mutane suka yi da wannan kyauta shi ya sa wasan bai mutu ba. Tun farko Carmack ya ware kayan wasan, wato taswirori da hotuna da sauti, a cikin fayil da ake kira WAD, daban da injin, don kowa ya iya ɗora nasa. A 1994 Brendon Wyber da Raphaël Quinet suka samar da DEU, manhajar zana taswira da ta buɗe wa jama'a ƙofa. Bayan sakin rubutun, 'yan ƙungiyar TeamTNT suka fitar da gyararren injin mai suna Boom a 1998 suka cire da yawa daga cikin iyakokin nan, wani gyararren, ZDoom, shi ma ya fito a shekarar, GZDoom ya zo a 2005 da zane ta katin hoto da benaye na gaske, Chocolate Doom kuma ya zaɓi akasin haka, ya riƙe wasan yadda yake a asali har da kurakuransa. Duk masu sha'awa ne suka yi. Tun 2004 ake ba da kyautar Cacowards kowace Disamba ga taswirorin da suka yi fice a shekarar, Romero kansa ya dawo a 2019 ya gina sabon babi mai suna Sigil da tsohon injin.

Sai maganar abin yi, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Babu wanda zai biya ka albashi don ka iya sekta. Akwai dai waɗanda wannan hanya ta kai su ga aiki: Tim Willits da taswirorin Doom ya fara kafin id ta ɗauke shi, 'yan'uwan nan Dario da Milo Casali suka gina jerin taswirori mai suna Plutonia da aka sayar a cikin Final Doom a 1996, daga baya Dario ya koma kamfanin Valve ya yi aiki a kan wasan Half-Life. Wasan Ion Fury na 2019 ma a kan jikan wani tsohon inji aka gina shi, wato Build, wanda Ken Silverman ya rubuta aka yi wasan Duke Nukem 3D da shi. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne, kada ka ɗora rayuwarka a kan labarinsu. Abin da nake da yaƙinin za ka samu shi ne abu gamamme a hannunka, wanda wani ya buga ya faɗa maka inda ya gundure shi, da kuma sanin yadda lissafi ke zama hoto. Ranar da ka buɗe Unreal bayan haka, ba za ka shiga a matsayin baƙo ba. Ban ce ka guje shi ba, ni ma ina taɓa shi. Sai dai na ga matasa da yawa sun ƙona kuɗin data wajen sauke inji mai gigabait barkatai, kwamfutarsu ta yi zafi kamar dutsen guga, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, bayan wata uku babu ko ɗaki ɗaya da za su nuna. Taswirar Doom sau da yawa ba ta kai hoton waya ɗaya nauyi ba, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta wadatar.

Na ga fuskokin wasu sun canja a taron da aka nuna hotunan dodanni da jini, kuma ban raina damuwarsu ba. Ni ma ba na ba ƙananan yara shi yadda yake. Taswirar da na gwada da 'ya'yan yayata babu dodo ko ɗaya a ciki. Injin bai san aljani ba, hoto da lamba kawai ya sani. Kana iya cire nasu ka sa naka: bangon jan ƙasa, rufin azara, indararo, kasuwa, ganuwa.

Ga abin da nake so ka yi. Ka sauke Ultimate Doom Builder, manhajar zana taswira, da GZDoom da za ka buga ta da shi, sannan Freedoom, wanda kayan wasa ne na kyauta da masu sa-kai suka haɗa, don kada ka taɓa kayan sata. Ka gina ɗaki biyu da ƙofa ɗaya a tsakaninsu, da matakala mai hawa shida, da taga ɗaya da ke nuna wurin da ba a kai ba tukuna. Ka riƙa adana aikinka duk bayan 'yan mintuna saboda wuta. In bangon gefen ƙofarka ya riƙa tafiya sama tare da ita, kada ka share, ka bar shi haka ka kawo mini, akwai alama ɗaya da ake sa wa layin ya tsaya cak, kuma ina so in nuna maka dalilinta a cikin rubutun injin. Ina gida ranar Asabar bayan la'asar. Ka zo da abokinka wanda bai taɓa ganin taswirar ba, shi zai buga, ni da kai mu zauna a bayansa mu yi shiru.

Ka gaida su Baba.

Naka,
Yayanka