Dan Allah a rage mana soye: ga yadda ake gasa kifin salmon a obin

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah Ya ƙara basira. Ni mai karatunku ce daga garin Aberdeen a Sikotland, kuma shafin girke-girke shi nake fara dubawa kafin ma in leƙa labaran siyasa, to amma ina da ɗan ƙorafi, kusan duk girkin kifin da ake kawo mana sai an ce uwargida ta zuba mai a kasko ya yi zafi ta tsoma, yau soye gobe soye, haba dan Allah. Shi ya sa na ce bari in rubuto kan gashin kifi a obin, musamman salmon wanda shi ne ya cika shaguna a nan inda muke, domin 'yan uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka, ɗalibai da ma'aikata da sababbin amare da aka kawo, da yawa suna ganinsa suna wucewa don ba su san ta inda za su faro masa ba.

Shi dai salmon kifin ruwan sanyi ne, babu shi a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya girma kaɗan ya gangara teku ya yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye, in lokacin saka ƙwai ya yi ya juyo ya nemo kogin nan da aka haife shi ya hau, ikon Allah kenan. Kogin Dee da ya ratso ta garinmu yana cikin waɗanda suka yi suna da shi, haka Spey da Tay. Amma fa wanda muke saya a shago kusan duk na kiwo ne, a cikin manyan kejina na raga da ake kafawa a bakin teku. Mutanen Norwe ne suka fara kiwon a teku wajen 1970, yanzu suna fitar da sama da tan miliyan 1 a shekara, wajen rabin na duniya kenan, sai Chile ta biyo baya sannan Sikotland. Jan launin nan na tsokarsa kuma daga abincinsa ne, na teku yana samu daga jatan lande da ƙananan halittun da yake ci, na kiwo kuma a cikin abincin da ake ba shi ake sa sinadarin. Batun halacci babu wata damuwa, kifi ne mai ɓawo kamar karfasa.

Abin da ya sa likitoci suke ta maganarsa shi ne kitsensa. Kifi ne mai maiƙo sosai, amma irin maiƙon da ake kira omega-3 wanda yake taimakon zuciya da jijiyoyin jini, ga furotin wajen giram 20 a duk giram 100, ga bitamin D. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, shawararta ita ce mutum ya ci kifi sau biyu a sati, ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo, kowane ci wajen giram 140, mai juna biyu da mai shayarwa kuma kar su wuce sau biyu a sati na mai maiƙon. Maganar bitamin D ɗin nan ta shafe mu sosai mu da muke nan, baƙar fata ne mu, muna rufe jiki, kuma a watan Disamba a Aberdeen kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi an yi magariba, ina za a ga ranar da jiki zai yi bitamin ɗin da ita? Kifin shi kaɗai ba zai wadatar ba, har ƙwayar ake cewa a sha, amma dai yana rage wani abu.

To kifin da ya zo da mansa a jikinsa mene ne na sake tsoma shi a wani man? Kuma mu faɗi gaskiya man suyar ma ba zubarwa ake ba, a tace a ajiye a sake soya wani abu da shi har sai ya yi baƙi, ga ƙarni ya kama labule da kujeru da gyale, a irin gidajen nan na Turai da ake rufe taga saboda sanyi kuwa sai ki fita mutane su san abin da kika ci jiya. Ga tsayuwa a kai ana juyawa mai yana fallatsa a hannu. A obin kuwa ki sa ki rufe ki je ki yi sallarki.

Ga yadda nake yi. Ki kunna obin tukuna ya yi zafi a digiri 200 na ma'aunin Celsius, in mai fanka ne 180 ya isa, in na gas ne mai lamba ki sa a 6, kar ki sa kifi a obin mai sanyi. Kafin ya yi zafi ki ɗauko yankan kifin ki goge shi da tishu ya bushe sarai, ki bi tsakiyar tsokar da yatsa za ki ji wasu siraran ƙayoyi a jere, ki cire su da hantsaki musamman in yara za su ci. Fatar ki bar ta, ita ce take tare zafin tire kar tsokar ta ƙone. Sai ki daka tafarnuwa da ɗanyar citta da attaruhu ɗaya ko biyu da masoro, ki matse lemun tsami, gishiri kaɗan, mai cokali ɗaya kacal na zaitun ko na gyaɗa, ki shafe kifin da shi ki bar shi kamar minti 10 zuwa 15. Kar ki bar shi ya kwana a lemun tsami, tsamin yana dafa tsokar ta yi fari ta dagargaje. Ki shimfiɗa takardar gashi ko foyil a tire, ki jera fata a ƙasa, ki ba su ɗan tazara, ki sa a tsakiyar obin minti 12 zuwa 15 gwargwadon kaurinsa. Shi kenan fa.

Inda ake samun matsala shi ne mu mun saba da kifi sai ya soyu ya yi ƙarau, to sai mace ta duba a minti 13 ta ga har yanzu da laushi ta ce bai yi ba ta ƙara masa minti 20, ya fito a bushe yana maƙale wuya, ta ce wai kifin Turawa ba daɗi. Ki sa cokali mai yatsu a inda ya fi kauri ki ɗan buɗa, in tsokar tana rabuwa fala-fala kuma launinta ya koma ja mai haske ba mai sheƙin ɗanye ba, ya nuna. Mai na'urar auna zafin abinci ta soka a tsakiya, digiri 63 na Celsius shi ne ma'aunin da hukumomin abinci na Amurka suka bayar. Wani farin abu da yake tsattsafowa a jikinsa kamar farin ƙwai ba cuta ba ne, furotin ne da zafi ya matso waje, ana ci, amma in kin ga ya yi yawa to alama ce wuta ta yi yawa ko ya daɗe. Kuma in kin fitar ki bar shi minti 3 ya huta don yana ci gaba da dahuwa da zafin jikinsa.

Ranar da na gaji kuwa tire ɗaya nake yi wa komai. In yanka dankalin Hausa ko na Turawa ƙanana da karas da albasa da koren tattasai, in juya su da ɗan mai da kayan ƙamshi su fara shiga su yi minti 20 don sun fi kifin daɗewa, sannan in matsar da su gefe in sa kifin a tsakiya ya yi nasa minti 12. Wanke-wanken ma tire ɗaya ne da turmi. Mai son romo kuma ta naɗe kifin a foyil da yankakkiyar albasa da tumatir da lemun tsami, ta liƙe bakin da kyau, minti 15 zuwa 18, in ta buɗe za ta tarar da ɗan romo mai daɗi da za ta zuba a kan shinkafa ko acca. Yajin ƙuli ma yana tafiya da shi ƙwarai, sai dai a barbaɗa a ƙarshe-ƙarshe don yana saurin ƙonewa, maigidana da haka ya fi so wai ya fi kama da abinci. Abu biyu zan ja kunne a kai, in kin bi girkin Turawa a intanet da yawa za ki ga sun ce a zuba farar giyar inabi, ki sa ruwan lemun tsami da ɗan ruwa a madadinta babu abin da za ki rasa, haka waɗanda ake sayarwa an riga an jiƙa su da miya a roba ki karanta bayan robar kafin ki ɗauka. Sai gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babba ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi kenan, in an gasa kifi don hawan jini sannan aka marmasa masa dunƙule uku aka ƙara gishiri ai an yi ba a yi ba.

Na san wani zai ce Hajiya ke kina Turai kina mana maganar salmon, mu da muke Kano da Zariya da Maradi fa? Gaskiya ne, a manyan shagunan Abuja da Legas ana samunsa a daskare, shigo da shi ake, kuma kuɗinsa ba na talaka ba ne, ni ba zan ce kowa ya je ya saya ba. Amma kifin ƙanƙarar nan da ake ce wa titus ai daga tekun nan namu na arewacin Atilantika yake zuwa, Norwe tana cikin masu kai wa Najeriya shi, kuma a Peterhead da ke arewa da mu kaɗan jiragen ruwa suke sauke irinsa. Wajen omega-3 bai gaza salmon ba ko kaɗan, shawa ma haka, kawai dai su ba a yi musu talla ne. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba su kai su wannan maiƙon ba amma furotin ɗinsu lafiya lau, kuma duk suna gasuwa. Bambancin kawai in kifi guda ne da kansa da ƙayarsa ki tsattsaga jikinsa sau uku kowane gefe ki cusa kayan haɗin a ciki, ki ba shi minti 20 zuwa 25. Wanda ya taɓa cin gasasshen kifin barikin Mogadishu a Abuja ya san cewa gashi ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mun dai bar wa masu sayarwa ne.

Kuma gidaje nawa ne aka kai amarya da kukar gas mai obin a ƙasa, shekara biyar ba a taɓa kunna shi ba, an mayar da shi ma'ajiyar leda da murafan tukwane? A fitar da kayan a goge a gwada. Wadda ba ta da shi kuma ta yi dabarar masu kek, babbar tukunya a zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, a ɗora wani ƙarfe ko duwatsu uku, a rufe ta yi zafi sosai, a sa kifin a naɗe a foyil a kan faranti na ƙarfe a rufe ruf, a kan gawayi ma yana yi, sai dai lokacin zai ɗan ƙaru kuma kar a yi ta buɗewa zafin yana fita.

Sai dai a kula da titus wajen saye, kifi ne mai saurin lalacewa, in ya narke ya daɗe a zafi yana tara wani sinadari da ake kira histamin wanda dahuwa ba ta kashe shi, mutum ya ci fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, a ce wai kifi ne bai karɓe shi ba alhali kifin ne ya tashi. Da yanayin wutar lantarkinmu kuwa ya narke a sake daskarar da shi ba abin mamaki ba ne. Ki danna da yatsa, in ya lotsa bai dawo ba ko cikinsa ya fashe ko warinsa ya wuce ƙarnin kifi na yau da kullum ki bar musu kayansu. In kin kawo gida a daskare ki narkar da shi a cikin firij ko a leda cikin ruwan sanyi, ba a rana a tsakar gida ba. Wanda ya rage bayan an ci kuma a sa a firij a cinye cikin kwana biyu, yana daɗi a marmashe shi a kwaɗon zogale ko a cikin biredi da safe.

Roƙona Malam Edita, masu rubuta mana girki su riƙa faɗin digiri da minti, ba a ce a gasa har sai ya yi ba, don wadda ba ta taɓa yi ba ba ta san yadda ya yi ɗin yake ba. In da hali kuma ku samo mana masanin abinci daga ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa ya yi mana bayani kan kifayen da ake samu a kasuwanninmu, wanne ya dace da mai hawan jini, wanne ya dace da mai ciwon suga da mai juna biyu. A gaida duk ma'aikata.

Wassalam,
Mai karatunku,
daga Aberdeen, Sikotland.