Kafin a Mayar da WAEC da NECO kan Kwamfuta, a Leƙo Ajinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan shirin mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta, wanda Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a 2025. Ni malamin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati, kuma abin da zan faɗa a cikin aji na gan shi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, domin hukumar JAMB ta fara gwada shi a 2013, ta kuma ajiye takarda da fensir baki ɗaya a 2015. Ba zan ƙi gaskiya ba, an ga amfaninsa, tun da sakamako yana fitowa cikin kwanaki kaɗan kuma hanyar satar amsa ta ƙuntata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda jarrabawar ta sauya mana koyarwa. Ɗalibi yana amsa tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma dukkansu na canki-canka ne, a zaɓi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka da zarar yara sun shiga aji uku na babbar sakandare, sai manhaja ta koma gefe, littafin tambayoyin shekarun baya ya karɓe ajin. In na tsaya bayanin yadda ake gina sakin layi, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan zai fito?" In na ce ba zai fito a JAMB ba, sai in ji ana rufe littattafai. Ban ga laifinsu ba, domin mu kanmu malamai da yawan waɗanda suka ci ake auna mu a ƙarshen shekara.

Abin da ya rage yana tilasta wa yara riƙe alƙalami su yi tunani mai tsawo shi ne insha'in WAEC, inda ake neman kalma wajen 450. Idan aka mayar da shi kan kwamfuta a halin da muke ciki, saurin yatsa za a auna, ilimin yaron kuwa ya tsaya a kansa.

Muna da ɗakin kwamfuta a makarantarmu, amma kusan kullum a kulle yake. An lulluɓe na'urorin da zannuwa saboda ƙura, waɗanda ke tashi ba su kai rabi ba, wutar lantarki sai an ga dama, janareto kuwa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ba a tayar da shi sai in baƙi za su zo. Abokin aikina mai koyar da darasin kwamfuta a allo yake zana madannai da alli. Akwai wata ɗalibata da ta fi kowa iya rubutu a ajinsu; ranar da muka kai su gwaji wata cibiya a cikin gari, hannunta rawa yake yi a kan linzamin kwamfuta, har ta tambaye ni ko za ta biya idan ta ɓata wani abu. JAMB ta sauƙaƙa wa irinta da madannai takwas kacal, amma madannai takwas ba su rubuta wasiƙa. 'Ya'yan masu hali kuwa tun daga firamare suke taɓa na'urar, ko kuma a biya musu kuɗin horo a cibiyoyin 'yan kasuwa.

Ko JAMB da ta shekara goma a kan wannan hanya ta yi tuntuɓe a 2025, lokacin da matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya nemi afuwa cikin hawaye, aka sake musu jarrabawa. Wannan fa zama ɗaya ne na awa biyu. WAEC makonni ake yi ana rubuta ta, darasi takwas ko tara ga kowane ɗalibi, har da gwaje-gwajen kimiyya, kuma a makarantun da wasu ke da nisan tafiya daga cibiya mafi kusa.

Roƙona ga gwamnatin tarayya da gwamnonin jihohi shi ne a fara da tambayoyin canki-canka kawai, a bar insha'i da lissafi mai bayani a takarda. A sa wa makarantu wutar sola, a gyara na'urorin da ke kwance, a horar da mu malamai, domin da yawa cikinmu ba mu fi ɗaliban ƙwarewa ba. Sannan kada a ɗora wa wata makaranta sabon tsarin sai an tabbatar ɗalibanta sun yi aƙalla shekara uku suna zama gaban kwamfuta kowane mako.

Na gode.

Daga wani malamin sakandare,
Jihar Katsina.