Godiya ga Hedimasta da Malamar Laburaren Firamaren Unguwarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hedimasta, da Malama mai kula da laburare, da iyayenmu ƴan kwamitin kula da makaranta na SBMC. Na so in zo har ofis in yi godiyar nan baki da baki, amma kun san sana'ar tela, kana tashi daga kan keke mai ɗinki zai zo bai same ka ba sai rigima, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ma ya gani.

Ni ma a makarantar nan na yi firamare, kuma ɗakin da kuka mayar laburare a zamaninmu sito ne, karyayyun bencina ne a ciki da tsintsiya da kwalayen littattafai a ɗaure gara na cin rabonta, ba a buɗe shi sai ran da aka ce masu duba makarantu na hanya. To littafi dai ba yau aka fara aiko wa makarantu shi ta hannun hukumar ilimin firamare ta jiha wato SUBEB ba, ku abin da kuka yi shi ne kun kwance kwalin kun bai wa yara, har kuka yarda su tafi da shi gida. Wannan yardar ce ta sa ni rubutun nan wallahi.

Wata Alhamis ƴata ta aji huɗu ta dawo da littafi a jaka mai hatimin makaranta, ni kuwa ban tsaya bincike ba na hau ta da faɗa wai ta ɗauko kayan mutane, sai ta zaro kati ta nuna min, an rubuta sunanta da ranar mayarwa. Kunya ta kama ni. Magana Jari Ce ne na ɗaya, na Abubakar Imam, littafin da ya fara fitowa tun 1937 amma har yau yana riƙe yaro. Yanzu kullum bayan isha'i sai ta kunna tocila ta zauna gefen Hajiya, mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, tana karanta mata labaran akun nan, tsohuwa na dariya har da tari. Da farko karatun nata da ƙyar, tana ja tana tsayawa, ta ce kafa a wurin ƙafa, ta ce daki a wurin ɗaki, Hajiya ce ma ke gyara mata da kunne, ta ce ke wa kika ji yana magana haka. Ashe Malama ta riga ta gano, ta yanka kwali ta zana ɓ da ɗ da ƙ manya manya tana ɗaga musu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu lanƙwasar nan ba ta wuce yarinyar.

Ran da na kai mata kuɗin tara na leƙa ɗakin da kaina. An shimfiɗa tabarmi, kantocin littafi gajeru ne daidai hannun yaro ba sai ya taka benci ba, littattafan Hausa gefe ɗaya, na Turanci masu hotuna gefe ɗaya, ga na lissafi da kimiyya, ga tsofaffin tambayoyin kwaman entrans na ƴan aji shida. Na ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, ni da nake zaton ƙamus sai na Turanci. Har da wani bokiti cike da murafan kwalba na koya wa ƴan aji ɗaya ƙirga, abin da muke takawa a hanya. Ƴar tawa ta ja ni gaban taswirar Najeriya ta nuna min jihohi 36 da Abuja, ta ce Baba ka san a 1991 aka cire Jigawa daga Kano? Na ce ke lokacin ina raye, ta ce to ƙananan hukumomin Kano nawa ne, na yi shiru, ta ce 44. Sai ta juya ƙwallon duniyar nan ta ɗora yatsa a kan Makka.

Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a. Shafin da ƙaninta ya yaga kin karɓa ba ki ci mata mutunci ba, salatif kawai kika ba ta ta liƙe da hannunta, kuma ba ki hana ta aro ba. Ranka ya daɗe, na lura rana na dukan kantar da ke jikin taga har bangon littattafan ya fara koɗewa, dan Allah a sa wani yaro ya auna min tagogin biyu ya kawo shago, akwai ragowar yadi mai kauri a wurina, in sha Allahu kafin Litinin labule ya iso.

Naku,
mahaifin wata ɗalibar aji huɗu