Bauchi na buƙatar lambun hutawa irin na Sin da Japan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin masu tsara birnin Bauchi kan ƙarancin wuraren da mutum zai zauna ya huta daga hayaniyar kasuwar Wunti da ƙarar babura.

A birnin Suzhou na ƙasar Sin akwai tsofaffin lambuna da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 1997. An gina su ne a tsakiyar gari, an kewaye su da katanga, aka shirya tafki da duwatsu da hanyoyi masu lanƙwasa ta yadda mai tafiya ba zai ga lambun duka lokaci guda ba, sai ƙaramin fili ya zama kamar mai faɗi.

Amma a ganina salon Japan ya fi dacewa da mu, domin wani nau'insa ba ya buƙatar ruwa sosai. Lambun Ryoanji da ke Kyoto duwatsu 15 ne kawai a kan farar tsakuwa da ake sharewa da manjagara, kuma mutane zama suke yi su kalla cikin natsuwa. Dutse kuwa ba ya yi wa Bauchi wuya. Idan aka haɗa da inuwar tsamiya da maɗaci, aka ajiye kujeru suna fuskantar tsaunukan da ke kewaye da gari, kuɗin ba zai yi yawa ba.

Sharaɗin shi ne a hana kafa rumfuna da lasifika a ciki, a kuma ɗauki ma'aikacin da zai riƙa kula da wurin kullum.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Unguwar Jahun, Bauchi